An gaida Baba a Lagdo

Jama'a, yau an gaida Baba a gabana, alhali tun azumi muka binne shi.

Kun san Baba da tara wuƙaƙen aljihu. Tun rasuwarsa nake yawo da wadda ya fi so, mai ƙotar ƙaho. Na je Lagdo sayen bandar kifi, igiyar kwali ta ƙi kuncewa, sai na zaro wuƙar na buɗe. Ta yi ƙas!

Wani tsoho makaho yana zaune a inuwar rumfar mai kifin. Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Jabbama, Alhaji Sale! Sai yau? Kai da wuƙarka ba kwa tsufa!"

Wallahi ruwan dam ya yi lum, iska ta tsaya, na ji kamar in na waiwaya zan ga Baba yana gyara hula. Ban so in yi magana ba. Muddin na yi shiru, yana da rai a rumfar nan.

"Alhaji, fushi kake da ni?"

Na durƙusa. "Baffa, ɗansa ne. Allah Ya yi masa rasuwa."

Ya yi masa addu'a a hankali, sannan ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ɗana, in ka sake zuwa, ka fara buɗe ta. Kada ka yi saurin sallama."