Goggon Aro

Larai 'yar Birchi ce. Can aka haife ta, can ta yi aure, can kuma mijinta ya rasu shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ya bar mata ɗa guda, Jibo, da 'yar gonar da ba ta ci da mutum biyu. Ɗan fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa. "Wancan" take ce masa, ko yana zaune gabanta.

Da Jibo ya isa riƙe fartanya shi kaɗai, sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta nufi Dutsin-Ma. Lokacin ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, sun fara yawa a garin, malaman makaranta, na gona, na asibiti, kowa ya taho da matarsa daga nesa, ba uwa kusa, ba ƙanwa. Ga shara, ga wanki, ga daka, ga ɗibar ruwa. Kowace tana neman mai taya ta, amma ba wadda ke buɗe baki ta faɗa, kada a ce raguwa ce, ta kasa riƙe gidanta. Masu aikatau kuwa sun fi su ɓoyo. A ƙauye tsofaffin da suka ga zamanin bayi da idonsu suna nan da ransu, kuma a wurinsu macen da ke share gidan da ba nata ba, ba na danginta ba, suna ɗaya gare ta. Ba sai na faɗe shi ba.

Shi ya sa Larai da uwargijiyarta Malama Rekiya, mai koyar da 'yan mata a firamare, suka ƙulla ƙarya guda wadda ta rufa wa kowa asiri. Maƙwabta sun san Larai goggon maigidan ce, Malam Dalhatu malamin gona. Mutanen Birchi sun san ta tafi zama wurin ɗan wanta. Dangantaka kuwa ko ta ƙwayar zarra babu. In an rufe ƙofa, Larai ce kawai: Larai kawo, Larai ɗauke. Shekara shida ana haka, ba a taɓa jin kansu ba.

Ana nan, bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, sai ga Jibo da labari. Ya ga yarinya a Kurfi, Hawwa'u, mutanenta ba su ƙi ba, amma sun ce sai sun san asali. Za su aiko yayar uban yarinyar, wata tsohuwa Dada, ta zo ta ga uwar yaro da inda take zaune.

Larai ta san mutane: ba za su ce sun fasa don aikatau ba, cewa za su yi yarinya ba ta isa ba tukuna, shi ke nan magana ta mutu. Ita ta jawo wa ɗanta kenan, da hannunta.

Malama Rekiya, Allah ya saka mata, ta tsaya tsayin daka. Ta ara mata zane saƙi. Kwana uku tana bitar kiran Larai "Goggo" kamar mai hadda. Tafin Larai duk ya tsattsage da sabulu da taɓarya, sai aka yi mata ƙunshi don lalle ya rufe. Ranar zuwan Dada, Malama ce ta yi shara da kanta, irin sharar da ko kaza ba ta yarda an yi ba, Larai na zaune hannu a naɗe tana kallo, ranta na ƙuna.

Dada ta iso da hantsi, 'yar siririya, ba yawan magana, sai ido. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Malama, ɗakin da Larai ba ta taɓa shiga ba sai da tsintsiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Ta wane gehe kuka gamu da Malam?" in ji Dada.

"Ɗan wana ne," Larai ta ce. "Uba muka tara da tsohonshi."

"Allah Sarki. Zumunci ya yi."

Malama ta kawo fura, ta durƙusa har ƙasa. "Goggo, a ƙaro nono?" Larai ta ce ya isa. Har zuciyarta ta fara kwanciya, har an fara hirar damina.

Sai akuyar maƙwabta ta faɗo gidan, ta kafa kai cikin geron da aka shanya. Malama na bakin murhu, hayaƙi ya cika mata ido, ta ƙwalla kira:

"Larai! Ke Larai, akuya!"

"Na'am, Malama!"

Kafin Larai ta san abin da take, tana tsaye bakin ƙofa, zanen aro ya saɓule daga kafaɗa. Wace yarinya ce ke kiran goggon mijinta da gatsal ɗin suna? Wace goggo ce kuma ke amsawa da gudu? Akuya kuwa tana ta taunarta. Malama ta leƙo tana in-ina, wai Goggo take nufi. Da ma ta yi shiru.

Dada ta ɗauki ludayi. Ta shanye furarta, ta yi godiya, ta ce rana na yi. Larai ta bi ta rakiya. Suka wuce masallaci, suka wuce masu awon hatsi. Larai na ta juya abin da za ta faɗa wa ɗanta, ba ta samu ba. Da suka kai inda motar Kurfi ke tsayawa, sai ta kasa daurewa.

"Yaya Dada, don girman Allah, laihi nau ne. Wancan bai san komi ba sai noma."

Dada ta duba hagu da dama, ta matso, ta rage murya.

"Shekara huɗu na yi gidan wani akawu a Funtuwa. Har yau mutanen Kurhi cewa suke jinyar 'yar'uwa na tahi." Ta gyara lulluɓi. "Zan ce na iske ki gidan ɗan wanki, ana ba ki girma."

Hawaye suka zubo wa Larai.

"Bar kuka, saurara mani," in ji Dada. "Ranar buki, in an ƙare cin tuwo, ki danne ƙahwarki ki zauna. Kada ki riga kowa tashi kwashe kwanoni. Ni da haka aka kusa gane ni."