Igiyar Iya Mai Ɗinki

Shekara talatin Iya mai ɗinki tana auna mata da igiya, ƙulli ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Da mutane suka koma turo awo ta waya, sai aiki ya fara guje mata, don ba ta san lamba ba.

Jikarta da ƙawayenta suna koyar da lissafi kyauta ran Asabar. Iya ta je ta zauna a bencin gaba.

"Iya, rabin talatin da shida nawa ne?" in ji jikar.

"Sassauta murya, Malama, ni na goya ki. Sha takwas."

Bayan wata biyu ta yanka riga da awon waya, rigar ta zauna wa mai ita daram. Igiyar kuwa, yanzu labule take ɗaurewa da ita.