Ranar da Na Miƙa wa Ɗan Attajiri Garma

Ranar Alhamis ta rufe makaranta a ƙarshen 1978, ana tsakiyar cirar auduga, na tsaya a bayan zanen gadon da aka ɗaura tsakanin darbejiya biyu a filin firamarenmu, kusa da Malumfashi, ina sanye da walki. Ta wata 'yar huda a jikin zanen na hango Baba a benci na biyu cikin farar rigarsa ta zuwa majami'a, kusa da Alhajin da ke sayen audugarsa. Ban gaya masa abin da zan fito a cikin wasan kwaikwayon da za mu yi ba.

Malam Sani, sabon malaminmu ɗan birnin Zariya, shi ya rubuta wasan. Labarin zamanin da ne, kafin zuwan Turawa: ɗan attajiri ya ga 'yar manomi ya ce sai ita, danginsa suna hura hanci wai ba sa'arsa ba ce. Manomin Bamaguje ne, kuma da yake mu Kiristocin ajin jikokin Maguzawa ne, Malam bai sha wahalar zaɓe ba, ni ya ce in fito a manomin. Aikina in yi ta tangaɗi da ƙwaryar burkutu ina maganar wawaye, in an sauke goro da turamen zane in faɗi ina birgima, in ce a tafi da yarinyar har da uwarta. A wurin gwaji yara sun sha dariya, ni ma na sha, don lokacin ban kawo Baba a raina ba.

Alhali a gidanmu rumbuna sun fi ɗakuna yawa, kuma ba a ba da 'ya don goro. Mijin yayata ma'aikacin reluwe ne a Funtua, mai albashi da keke sabo fil, amma sai da ya yi damina biyu yana zuwa da abokansa suna yi mana huɗa, hannunsa duk kanta, kafin aka ba shi ita. Baba kan ce, "Wanda bai san nauyin garma ba, ba zai san nauyin iyali ba."

Aka janye zane. Abokina Lawal, wanda ya fito a ɗan attajiri, ya shigo da rawanin babansa yana taƙama, aka sauke kaya a gabana. Nan ya kamata in faɗi. Na saci kallon Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, sai kunya ta rufe ni, ƙafafuna suka ƙi lanƙwasawa. Na ajiye ƙwaryar, na ɗauko garmar da aka jingina don ado, na miƙa wa Lawal. "Samari, kwashe goronka," na ce. "Ga gona can. In ka yi mini huɗar damina biyu, sai mu yi magana."

Lawal bai taɓa noma ba. Ya kafta wa ƙasa sara ɗaya, rawani ya warware ya rufe masa ido. Fili ya kaure da dariya, mata suna guɗa, kuma a wannan karo ba manomi ake yi wa ba. Na ga Alhaji ya dafa kafaɗar Baba yana cewa, "Wallahi haka kuke, ko ɗan sarki ne sai ya sha rana." Baba ya ɗago kai.

Da aka tashi Malam ya kira ni, na je ina shafa mazaunaina tun kafin bulala ta sauka. Sai kawai ya tambaye ni, "Da gaske haka ake yi a wurinku?" Na ce e, ya ɗauko takardarsa ya gyara. A hanyar gida, da muka wuce rafi, Baba ya ce, "Gobe in za ka ba baƙo garma, ƙota ake fara miƙa masa." Ya fashe da dariya, ni kuwa sai a lokacin na yi numfashi mai daɗi.

Yanzu maganin feshi da tarakta sun kori gayya, samari sukan nemi aure ta waya. Jikokina suna kallon wasannin zamanin da, cike da sarakuna da attajirai, nakan zauna tare da su ina duba fuskokin manoman. Har yau ban ga mai kama da Baba ba.