Cikin da Ya Kwanta

Yayata ta yi shekaru a ɗakin miji babu haihuwa, sai ga cikinta ya fara tasowa. Lokacin ina koyarwa a Samaru, ita tana ɗinki a Sabon Gari, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, shiru. Tsofaffin gidansu suka ce cikin ne ya kwanta, ranar da Allah ya so zai tashi. Ban ga laifin Yaya da ta yarda ba. Su nake jin haushi har yau, don kowacce da labarin wata da ta ɗauki ciki shekara da shekaru ta haifi ɗa har da haƙori.

Aka shiga neman maganin tayar da ciki. Saiwoyi daga Bomo, jiƙo daga Jushi, matan zumunta na cocinmu suna ta azumi. Jini kuwa sai zuba yake. In na je sai in tarar da zannuwa jiƙe a baho bayan ƙofa, ita tana kan keken ɗinki, tafin hannunta fari fat.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa muka kai ta asibiti. Likita ya yi mata hoton ciki, ya ce ƙari ne ya cika mahaifar, babu ɗa, kuma in ba a cire mahaifar gaba ɗaya ba jinin zai kashe ta.

"Injin hoto ba ya ganin wanda ya kwanta," Yaya ta ce mini. "Ki ce masu su bi a hankali, kar wuƙa ta taɓa shi."

Na yi mata faɗa har na yi kuka. Da ƙyar ta bari aka shiga da ita ɗakin tiyata.

Bayan aiki nas ta kira ni da mijin, ta nuna mana abin da aka ciro a cikin tasa, kamar yadda suke yi. Curin nama ne, ƙulli-ƙulli kamar dankali. Mijin ya juya ya fita waje.

Da la'asar Yaya ta farfaɗo, leɓunanta a bushe, an hana ta ruwa. Ta shafa cikinta ta ji ya lafe. Ta daɗe tana duban gefen gadon, sannan ta kamo hannuna.

"Na san bai zo da rai ba," ta ce. "Ki dai faɗa mini, namiji ne ko mace?"