Gamba da Katafila

Har yau a Bakura ana cewa Baturen nan bai san darajar iyakar gona ba, shi ya sa ya baje ta. Ba haka ba ne. Ya sani sarai, domin ni na gaya masa da bakina.

Ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori na gama sakandare. Na samu aikin tafinta a Talata Mafara, wajen wani kamfanin Turawa da aka ba kwangilar baje gonaki don noman rani. Manajan, wato Baturen nan, mutum ne mai sanyin hali. Akwai taswirar duniya a bangon ofishinsa, ya soka jajayen allurai a duk ƙasar da katafilolin kamfanin suke aiki.

Mu kuwa gona ba ta da takarda. Gamba ake dasawa a jere, ita ce iyaka, sai ɗorawa ko gawo a kusurwa. Wannan ya sa Baba ya jawo dattawan unguwarmu har ofis. Ya ƙi kujera, ya zauna ƙasa.

"Ɗiyata, hwaɗa mashi," in ji Baba, "in anka tone gamba, anka kada ɗorawa, mi za ni nuna in ce ga gonar ubana?"

Na faɗa, ban rage komai ba. Manaja ya saurara, ya yanke shawara mai kyau: za a yi aikin kashi-kashi, kowa ya tsaya a gonarsa a kafa turaku kafin katafila ta shiga. Dattawa suka tafi suna sa masa albarka.

Ba a jima ba waya ta zo daga babban ofishinsu. Kamfani ya samu kwangilar da ta fi tamu a wata ƙasa, jirgin ruwa na jira a Ikko, katafiloli su bar nan kafin damina. Ina kallo ya zare alluran da ke kanmu, ya tsallake teku da su, ya soka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alkawarin da ka yi gaban dattawa fa?"

Ya ce, "In na makara, za su aiko wanda ko tafinta ba zai nema ba."

"To, su aiko shi mana! Shi dai bai yi wa ubana alkawari ba."

Ranar Talata katafiloli suka shiga gonaki, ba a kafa turke ko ɗaya ba, duk maza suna kasuwar Mafara. Na tambaye shi ko da gangan ya zaɓi ranar. Ya ci gaba da shan shayinsa.

Da mutane suka dawo, ƙasa ta zama kamar faifai, ja wur, ba itace ba tsuntsu. Tun daga ranar Baba ya riƙa fita kowace safiya da fartanya a kafaɗa. Ya yi ta tafiya a filin, sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama inda babu komai. Ran nan na bi shi.

"Matso nan," ya ce, "kar ki tsaya cikin rana. Ba ki ji sanyin inuwa ba?"

Na matsa. Sai na gane inuwar ɗorawar gonarmu yake nufi. Har yanzu in na ga fili fetal, sai in ji kamar akwai itatuwa tsaye da idona ya kasa gani.

Kafin manaja ya tafi, ya ce zai sama mini gurbi a ofishinsu na Ikko, wai ina da kan shugabanci. Na ce ya riƙe abinsa.

Gonarmu tana da maƙwabta ta kowane gefe, kuma ba su mutu ba. Na gabas ya koma wajen 'yarsa a Maradun, sauran suna nan. Na ƙudurta zan tattaro su kafin a fara rabon fili, su tsaya da Baba inda yake jin inuwar nan. Inda bakinsu ya zo ɗaya, nan zan dasa saiwar gamba da hannuna. Na ari kwandon ɗibar saiwar gamba, na tambayi ranar da motar Maradun ke tashi.