Ranar da Na Sake Tuƙa Tuwo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da abinci a ƙofar wata masaƙa a Sharaɗa. Wata Talata da hantsi, ina tsaye a kan tukunyar tuwo, muciya ta suɓuce mini. Na sunkuya zan ɗauka, hannun dama ya ƙi. Na kira ƙanwata da muke sana'ar tare, sai na ji harshena ya yi nauyi, bakina ya karkace. Ma'aikata biyu suka saka ni a adaidaita sahu sai asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jinin da na daɗe ina wasa da maganinsa ne ya jawo.

Da na ɗan farfaɗo aka tura ni sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Ma'aikaciyar ta kama yatsuna ta ce, "Hajiya, hannunku bai mutu ba. Hanyar da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa ce ta yanke. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wata, amma sai kun dame ta da motsi kullum."

Maigidana, wanda ke aiki a majema a Challawa, ya kafa mini gora a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa madafa. Ita nake dafawa ina jan ƙafa. Da rana kuma in tsinci wake daga faranti zuwa kwano, ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake ciyar da mutum ɗari, ƙwayar wake ta gagare ni! Wata rana haushi ya kama ni, na ture farantin, wake ya watse.

Ƙanwata ko gezau. "Madalla, Yaya," ta ce. "Da wane hannu kika ture?"

Na duba. Da na dama ne. Muka yi ta dariya har da hawaye, sannan ta sa na tsince shi tas.

Daga nan abin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Na ɗaura ɗankwali da kaina. Na saki gora, na kai bakin layi, na kai masallacin unguwa. A wata na tara na ce a kai ni wurin sana'a. Ƙanwata ta ɗora ƙaramar tukunya, na karɓi muciya da hannu biyu. Gumi yana zuba, amma na tuƙe tuwon, babu gudaji ko ɗaya.

Ana tashi cin abinci ma'aikata suka fito, suka hango ni. Ihu da kabbara har masu gadi suka leƙo.

Bayan an watse, wani mutumin Nijar mai kula da injin saƙa ya tsaya yana murza hula. "Iya, mahaifina ma haka ya kwanta, wata biyu ke nan. Wane magani kuka sha?"

Na ce ya fara mayar da shi asibiti a duba jininsa, a haɗa shi da masu gashi. Ranar Lahadi kuma na je gidan da kaina, na zauna kusa da tsohon, na ce ya miƙo mini hannun.