Eudocia Banguera, Wadda Ta Yi Wa Cibiyoyi Ƙaura

Haihuwarta

An haifi Eudocia Banguera Ocoró a shekarar 1951, a unguwar Candelilla ta garin Puerto Garzal da ke gaɓar tekun Pasifik a ƙasar Kolombiya. Mahaifinta, Nicomedes Banguera, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta kuwa, Fidelina Ocoró, soyayyen kifi take sayarwa a ƙofar tashar. Kamar yadda ake yi wa kowane jariri a unguwarmu, ungozoma Petrona Cuero ta binne cibiyarta a bayan gida, ta dasa tsiron kwakwa a kai. Daga ranar itacen ya zama nata, kuma a wurinmu sanannen al'amari ne cewa idan itacen mutum ya bushe, mai shi ba ya daɗewa.

Karatu, Aiki da Aure

A shekarar 1970 ta tafi jami'a a birnin Cali, inda ta karanci fannin gine-gine, ta dawo a 1976 hukumar tashar ta ɗauke ta aiki. 'Yan dako suka laƙaba mata Injiniya Mai Kifi, ita kuma takan tuna musu cewa da kifin uwarta rabinsu suka yi ƙiba. A wancan zamanin katakon matsayar jirage ya ruɓe, tireloli kan yi jerin gwano ta tsakiyar kasuwa har kofi ya yi fumfuna a buhu, kuma manyan jirage sun fara wuce mu. A 1979 ta auri Telésforo Riascos, matuƙin ƙaramin jirgin da ke jawo manya zuwa gaɓa, a 1994 kuma aka naɗa ta shugabar tashar.

Tallafin Gwamnati

A shekarar 1997, bayan doguwar fafutuka tata, gwamnati ta amince da tallafin yashe mashigin ruwa da gina sabuwar matsaya da hanyar tireloli, bisa sharaɗin a fara aiki kafin ƙarshen 1998, in ba haka ba a karkatar da shi zuwa wata tashar. Kowa ya san ma'anar hakan: tashar ta mutu, garin ya bi ta. Sai dai duk kewayenmu fadama ce, hanyar ba ta da wurin bi sai ta tsakiyar Candelilla.

Mutanen unguwar sun karɓi sababbin gidaje a kan tudu ba gardama, amma suka ce ba mai taɓa musu kwakwa. Wakilan da aka turo daga Bogotá, babban birnin ƙasar, bayin Allah, suka ɗauka ciniki ake yi, suka yi ta ƙara diyya, har Petrona, wadda a lokacin ta haura saba'in, ta nemi a tambayar mata babbansu nawa zai sayar da wuyansa. Nan ne Eudocia ta gabatar da shawarar a ciro kowane itace da ƙasar gindinsa, a dasa shi a tudu.

"'Yar nan, da hannuna na binne ki a nan," in ji Petrona. "Kwakwar da ta yi jika ba ta ƙaura."

"To Inna, a fara da tawa. In ta bushe, kin san abin da zai biyo baya, sai ku riƙe unguwarku."

An ce mijinta ya daɗe bai yi mata magana ba bayan wannan taron.

A watan Maris na 1998 aka kawo injin ɗaga kwantena, aka naɗe gindin itacen Eudocia da buhunan kofi. Waɗanda suka halarta har yau suna sassauta murya idan suna ba da labarin yadda kwakwar ta tashi tsaye ta haye rufin gidaje da ƙasarta da cibiyarta, dattawa suka cire huluna, ita kuwa mai itacen tana ƙasa tana nuna wa direba hannu kamar buhun sukari ake sauke mata.

Ba a jima ba ganyen ya yi rawaya ya soma zuba, ita ma ta rame, ramar da kowa ya gani. Tsoro ya kama gari. Mata suka riƙa kai mata abinci suna daɗewa wurin sallama, amma ta sa aka kai teburinta ƙarƙashin itacen, a nan take karɓar 'yan kwangila. A watan Agusta sabon tofo ya fito. Petrona ta hau tudun da sandarta, ta duba, washegari aka ga jan ƙyalle ɗaure a jikin tata kwakwar, alamar a zo a ɗauka.

Don haka kayan farko da suka bi hanyar tireloli, tun tana jar ƙasa, kwakwar mutanen Candelilla ce, fiye da ɗari uku. Bakwai sun bushe, kuma marubucin wannan tarihi ba zai ce komai game da masu su ba.

Ƙarshen Rayuwarta

An buɗe sabuwar matsayar a 2002, manyan jirage suka dawo. Ta yi ritaya a 2011, ta ƙi tayin muƙami a Bogotá bisa hujjar cewa ƙaura ɗaya ta ishe ta. Ta rasu a watan Yuni na 2019 bayan gajeriyar rashin lafiya. Matan unguwa suka raka ta da waƙoƙin makoki, kuma lokacin da aka fito da gawarta daga coci zuwa maƙabartar tudu, duk jiragen da ke tashar suka busa ƙaho tare.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku, Aristides da Yurany da Nilson, da jikoki takwas, da kwakwa ɗaya a kan tudu, wadda ba ta bushe ba, kuma a gindinta aka binne cibiyar autar jikokinta.